Waƙar da Malam Habila Ya Ba Da Ajiya

Fada Barnaba ya ce duk wadda ta iya riƙe biro a cikin Zumuntar Mata ta zaɓi dattijo ɗaya na cocinmu, ta rubuta abin da ta sani a kansa tun masu labarin suna da rai. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, amma na ce zan gwada. Na zaɓi Malam Habila domin ƙauyenmu ɗaya, shi ya koya mini addu'o'in baftisma, kuma ina cikin matan da suka rufe baki ranar da ya ɗauko waƙarsa a Gusau. Labarinsa bai rabuwa da wannan waƙa, da kalma ɗaya da ke cikinta.

An haife shi a ƙauyenmu, gabas da Tsafe. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, don har yanzu akwai masu lallaɓawa su je su yi shuka su dawo. Iyayensa Maguzawa ne kamar nawa. Sunan da suka raɗa masa Tunau, Habila kuwa sunan baftisma ne. Yana da shekara tara aka yi wata shekara da hatsi bai yi ba, sai babansa ya kai shi rugar wani Bafulatani aminin gidansu, wanda ke sauka a gonarsu kowace kaka, shanu su ci kara su bar taki. Uwargidan rugar, Inno, ta haɗa shi da ɗanta Ibrahim, ƙwarya ɗaya, tabarma ɗaya. Damina shida ya yi a can. Ya koyi tatsa, ya koyi ɗaure maruƙa a dangwali, wato doguwar igiyar nan mai madauki da yawa, ya koyi kiran kowace saniya da sunanta. Ya kan ce bai taɓa jin Inno ta ce masa bare ba, sai dai in ya zubar da nono ta ce masa Kaɗo mai hannun garma.

Da ya dawo gida sai ya tarar wani Fada ya fara zuwa ƙauyen a kan babur. Ya koyi karatu wurinsa, aka yi masa baftisma, daga baya ya zama katikis. Shekara arba'in ba kaɗan ya riƙe cocinmu na ƙasa mai rufin kwano. Fada sai bayan wata biyu yake zuwa yin Misa, sauran Lahadin duk Malam Habila ne. Shi ke karatu, shi ke wa'azi, shi ke zuwa gaida mara lafiya, shi ke tsayawa a bakin kabari. Ko da me ya fara wa'azi, a wurin shanu zai ƙare. Wata Lahadi ya yi magana a kan haƙuri har ya gama bai ambaci dabba ba, muna fita marigayi mai gidana, Dogara, ya tare shi ya ce:

"Malam, lafiya dai? Yau ko akuya ba ka sako muna ba."

"Na sako," in ji shi. "Kai ne kana gyangyaɗi. Da na ce mai taurin kai, da wa kake zaton nake?"

Ko tafiyarsa ta ruga ce. Sanda a kan kafaɗa, hannu biyu rataye a kanta, shi a gaba mutane a baya, ba ya waiwaye. Fulanin coci muke ce masa, ba ya jin haushi.

Waƙar kuwa ya yi ta ne don Lahadi ta huɗu ta Ista, wadda ake kira Lahadin Makiyayi Nagari. Shi ke bayarwa, mata su amsa da tulu da caki. In ya ce, "Yana gaba, ni ina biye," sai mu amsa, "Makiyayina, ka san sunana." A tsakiyar waƙar akwai wani ɗan kira mara kalma, irin wanda Inno ke yi wa maruƙa da yamma. Ba wanda ya iya kiran nan sai shi. Ƙauyuka huɗu na kewayenmu sun ɗauki waƙar, har wasu na zaton daga littafi ta fito.

Shekara bakwai ke nan da kaka, da rana tsaka, mutane suna gona suna yankan dawa, masu bindiga suka zo a kan babura. Ni ina gida ina shanyar barkono, ban gani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Mutum goma sha ɗaya muka binne. Dogara na cikinsu. Mama Tabita, shugabar Zumuntarmu, ta rasa mijinta da ɗanta na fari. Waɗanda suka tsira sun ce sun ji wasu cikin maharan suna Fillanci. Rugar su Ibrahim kuwa tun wata uku kafin nan 'yan sa-kai suka ƙone ta, ba wanda ya san inda suka nufa.

Muka dawo Gusau, muka rarrabu a Tudun Wada, wasu a ɗakunan haya wasu wurin dangi. Cocin nan babba ne, akwai Ibo, akwai Yarabawa, akwai mutanen kudancin Kaduna, kuma suna da katikis ɗinsu mai takardu. Malam Habila ya zama dattijon benci na biyu. Abin da aka bar masa shi ne ba da waƙa a Misar Hausa.

Da Lahadin Makiyayi ta farko ta zo, ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗauko. Mai tulu ta buga sau biyu. Da aka zo wurin amshi, ba wadda ta buɗe baki. Ba shiri muka yi ba. Ni dai na kasa furta kalmar makiyayin nan. Ya sake bayarwa, shiru. Ya ba da na uku shi kaɗai, ya amsa wa kansa, sannan ya zauna ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Bayan Misa Mama Tabita ta same shi a bakin ƙofa.

"Malam, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Makiyayi ne ya bar ni ni kaɗai da jikoki biyar. In ka ce in kira Ubangijina da sunan nan, fuskar wani nake gani."

"Waɗancan ba makiyaya ba ne, Tabita. Wanda ya ɗauki bindiga ya aje sanda."

"Ni ban ga inda ya aje ta ba."

A shekarar da ta biyo, matan ƙungiyar mawaƙa suka gyara amshin, suka ce "Mai tsarona, ka san sunana." Da haka aka riƙa yi, wata 'yar Zumunta na bayarwa, ba kiran maruƙa. Shi kuwa in an ɗauko sai ya sunkuyar da kai har a gama. Bai taɓa yin faɗa a kai ba. Amma na lura duk shekara in Ista ta matso sai ya rame, kamar mai jiran baƙon da ya san ba zai zo ba.

Bara aka kawo mana Fada Barnaba, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi shekaru a ƙasar waje yana karatun Littafi Mai Tsarki. Hausarsa ta can ce, in mun ce "mi" ko "munka" sai ya yi murmushi ya rubuta. Ya kafa zama kowace Laraba da la'asar a gindin dogon yaro na harabar coci, dattijai da matan Zumunta. Ya ce malaman da suka koyar da shi yanzu suna cewa ba a ɗakin littattafai kaɗai ake gane Maganar Allah ba, dole a karanta ta tare da waɗanda duniya ta faɗa wa a kai, kuma coci ta fara sauraron wanda aka zalunta kafin ta buɗe baki. Shi ma littafi yake rubutawa a kan haka. Sai ya karanta wuri ɗaya, ya aje wayarsa tana ɗaukar murya, ya ce mu faɗi abin da muka ji.

Wata Laraba ya karanta misalin mutumin da ke da tumaki ɗari, ɗaya ta ɓace. Ya ce masana sun daɗe suna tambaya, wane mai hankali ne zai bar casa'in da tara a daji don guda ɗaya?

Malam Habila ya ɗaga sandarsa kamar ɗan makaranta.

"Fada, lissafin nan don mu manoma anka sa shi. Makiyayi ba ya ƙirga. Ka tambayi Bafulatani shanunsa nawa, zai ce maka Allah ya sani, kuma ba ƙarya yake ba. In garke ya dawo, kallo ɗaya zai yi ya san akwai wadda ba ta dawo ba. Ba cewa zai yi saura casa'in da tara ba. Cewa zai yi, ina Wule mai karyayyen ƙaho? Mace mai 'ya'ya takwas, in guda bai shigo ba, ƙirga su take yi?"

Fada ya ce, "Baba, sake faɗi a hankali," ya matso da wayar.

"Kuma shi gaba yake shiga, su bi muryarsa. In ka ga mutum a baya yana kora da duka, ɗan haya ne ko ɓarawo."

Fada ya ce akwai masanan da suka rubuta cewa a zamanin Yesu ma ba a yarda da makiyaya ba, ana yi musu kallon masu ɓarna a gonaki, amma wasu na baya-bayan nan sun ce an zuzuta maganar.

"Ashe tun can haka suke," in ji Mama Tabita.

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Malam Habila bai yi ba.

A zaman nan ne Fada ya faɗa mana za a buga ƙaramin littafin waƙoƙin Misar Hausa kafin Ista, kuma yana so waƙar Malam ta shiga. Ya ce ya ga takarda biyu, ɗaya da rubutun Malam, ɗaya da na ƙungiyar mawaƙa, wacce za a kai wa masu bugawa? Ya juya ga Malam.

"Baba, in an sa mai tsaro, wace asara aka yi?"

"Mai tsaro a bakin ƙofa yake, Fada. Ba ya kai ka ga ruwa. Bai san wadda ke ɗingishi ba. In lokacinsa ya cika ya miƙa wa wani ya tafi gida. Yesu ba haka ya kira kansa ba. In anka buga da mai tsaro, jikokinmu za su tashi ba su san an taɓa cewa wani abu daban ba."

Fada ya ce shi da kansa ya fi son tsohuwar kalmar, domin ita ce a Littafi, kuma a karatu ba wanda zai canza ta. Amma waƙa bakin mutane take bi, ba zai sa gwauraye su rera abin da ke yanka su ba. Ya ce mata ne masu amshi, su za su yanke, ya ba mu zuwa Lahadin Ganye, wadda ke kafin Ista.

Ina da ƙanwa, Hadiza, tana aure a Bungudu, mijinta Musulmi ne. A wancan makon ta zo duba ni, muna tsince shinkafa ta ce akwai wani tsohon Bafulatani mai tufkar igiya a bakin kara, inda ake sayar da shanu, da ya ji ita 'yar ƙauyenmu ce ya tambaye ta ko wani Tunau na da rai. Ta ce ba ta san mai sunan ba. Ni na sani. Na je na gaya wa Malam. Ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya ce yaushe ce kasuwar Bungudu.

Idonsa ya yi yana, ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai, sai na ce zan raka shi in ga Hadiza. A mota bakinsa bai rufu ba.

"Matar Dogara, zan zo da shi Gusau. Ranar Laraba zan zaunar da shi gindin dogon yaro su gan shi da idonsu. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. In Tabita ta gan shi, ta ji yadda yake maganar shanu, za ta san abin da kalmar ke nufi."

Muka same shi a inuwar wata katanga, ya ba kara baya. Siriri, farin gemu, malfarsa ta tsufa. Ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka da zaren buhu. Dangwali ne yake yi wa masu maruƙa. Malam ya tsaya a kansa ya yi sallama. Tsohon ya amsa bai ɗago ba, sai hannunsa ya tsaya.

"Wannan murya ta Kaɗon nan ce mai zubar da nono."

"Ita ce. Kai kuma har yau ba ka koyi riƙon fartanya ba?"

"Tunau!"

In ba Ibrahim ba, ba wanda ya kira shi da sunan nan tun rasuwar uwarsa. Suka riƙe hannun juna, suka saki, suka sake riƙewa. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, rabi Hausa rabi Fillanci. Ibrahim ya shafa fuskar Malam ya ce:

"Ka tsufa, ka makance, kuma na san har yanzu ba ka yi salla ba."

"Ina jiran ka zo coci ka ga yadda ake yi, sannan mu yi shawara."

"Allah ya tsare ni da bencinku, ƙafata ba ta saba ba."

Ya ce mu tashi mu je inda yake kwana mu sha ruwa. Ya shiga gaba, mu muna biye, bai waiwaya ba ko sau ɗaya, sai wani ɗan ƙas-ƙas da yake yi da harshe in za a kauce wa rami. Da muka zo gefen shanun kasuwa na ga ya juyar da fuskarsa ga katanga har muka wuce.

Wani shago ne da ba a gama ginawa ba. Ya ba mu ruwa a kofin roba, ya ce a yi haƙuri, gidan da ba saniya ba ya da abin ba baƙo. Malam ya tambayi Inno. Ta rasu a hanya, shekarar da suka tashi, kusa da Karakkai aka binne ta. Malam ya cire hularsa ya riƙe. Ya tambayi shanu. Rabi ɓarayin daji suka kora, sauran suka ƙare a hannun masu cewa duk Bafulatani ɓarawo ne. Ya tambayi Nura, babban ɗansa. An tare shi a hanyar kasuwa a watan da aka ƙone rugar, bai dawo ba.

"Ƙaninsa Mannir fa?"

Ibrahim ya ɗauki zaren buhu ya fara warwarewa. 

"Mannir yana daji."

Ba mai tambayar ma'anar wannan a Zamfara. Malam ya ce tun yaushe. Ibrahim ya ce kwana arba'in bayan an kashe Nura. Na ƙirga a zuciyata, na ga kafin a zo ƙauyenmu ne. Na san Malam ma ya ƙirga.

"Ban sani ba, Tunau," in ji Ibrahim, ba a tambaye shi ba. "Na tambaye shi ko yana cikin waɗanda sunka je ƙauyenku, ya ƙi duba na. Wallahi ban sani ba."

"Ka gan shi ke nan?"

"Sau uku na shiga. Na farko kwana tara ina tafiya, sunka ɗaure ni, sunka ce ɗan leƙen asiri ne. Na biyu na gan shi daga nesa, na yi masa kiran da uwata ke yi, ya juyo, sai ya hau babur. Na uku munka zauna kamar yadda muke zaune da kai. Na ce taso mu tafi. Ya ce Baffa, in tafi ina, wa zai karɓe ni?  Na dawo ni kaɗai." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "In ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe hanya, zan koma."

Ya dube ni ya ce, wannan baiwar Allah fa? Malam ya ce matar Dogara ce, yana cikin goma sha ɗayan. Tsohon ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa. Ni kuwa na dubi kofin da ya ba ni. Ruwan dai na shanye.

Malam bai yi wa Ibrahim maganar zuwa Gusau ba. Muka hau mota muka dawo. Da muka sauka ya ce in kai shi gidan Fada.

Muka tarar da Fada a baranda da littattafai buɗe a gabansa. Malam bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Fada, mutumin nan da ya tafi neman guda ɗaya. Akwai inda anka ce ya dawo hannu wofi?"

Fada ya dube shi, ya jawo Littafi, ya buɗe wuri biyu ya sa yatsa a kowanne. Ya ce marubutan Bishara biyu ne suka kawo misalin. Ɗaya ya ce mutumin ya yi ta nema har sai ya same ta. Ɗayan kuwa cewa ya yi, in ya same ta. Ya ce masana sun yi rubutu mai yawa a kan wannan "in", wasu suna ganin an rubuta shi ne don jama'ar da ta san ana nema a rasa.

"In," Malam ya maimaita. "Shekara arba'in ina karanta wa mutane, ban taɓa ganin ta ba."

"Ƙarama ce, Baba."

"Ba ƙarama ba ce."

Washegari da hantsi ya ce in raka shi wurin Mama Tabita. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ba shi kujera, ta ci gaba da aikinta.

"Tabita, na je Bungudu in ɗauko miki shaida, in nuna miki makiyayi na gaskiya don ki yarda da waƙata. Na same shi. Ɗan'uwana ne, nono ɗaya munka sha. Amma ɗansa yana daji, kuma ba wanda zai rantse miki ba ya cikin waɗanda sunka zo."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti.

"Shi ne ka zo ka gaya mini."

"In ban gaya miki ba, kika rera, na yaudare ki a gaban bagade. Na ce miki wanda ya ɗauki bindiga ba makiyayi ba ne. Yaron nan ni na ɗauke shi ranar suna. Ya iya tatsa tun bai kai tsawon saniya ba. Ba zan iya ce miki su daban mu daban ba."

"To mi kake so?"

"Ba zan roƙe ku ku rera ba. Amma kada a buga da mai tsaro. A cire ta gaba ɗaya. Gara a aje ta da sunanta, da a yi ta yawo da sunan wani."

"Waƙar da ka yi shekara bakwai kana rama a kanta?"

"Ita."

Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu, ta zuba ɓawon a cikin tsabar ba ta lura ba.

"Uban fa? Yana ina da ɗansa ke wannan aiki?"

"Sau uku ya shiga daji nemansa. Yana jiran ruwa ya sauka ya koma."

"Kashe shi za su yi."

"Ya sani."

Ta ture farantin gefe. Sannan ta ce, "Nawa ɗan, da yana wani wuri, ko wane wuri ne, da na je." Ta share ido da gefen zane, ta ɗaga murya kamar mai faɗa. "Ina takardar? Ta hannunka, ba tamu ba."

Ya ciro ta daga aljihun gaba, a ninke huɗu, ta yi laushi kamar tsumma.

"Kawo. Kai makaho ne, za ka ba wani ya ƙunsa ƙosai. Ni zan aje. Ban ce maka zan rera ba, ka ji ni da kyau. Amma in ranar ta zo da bakina ya iya, ni zan ɗauko ta, ba wata ba. In kuma ban kai ba, Allah ya ga uzurina."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatin ƙarfe ya buɗe ya rufe.

Ranar Lahadin Ganye ta gaya wa Fada abin da mata suka yanke, ba wadda ta ja. Littafin ya fito da waƙa sittin da ɗaya, ta Malam ba ta ciki. Da Lahadin Makiyayi ta zo, Fada ya karanta Bishara da kalmar yadda take, muka saurara a tsaye, a wurin waƙar kuma aka rera zabura.

Malam Habila yana nan da rai, shekararsa ta haura saba'in. Duk ranar kasuwar Bungudu sai ya sami mai sa shi a mota. Kafin damina yakan zauna ya riƙe wa Ibrahim bakin igiya suna faɗan wanda ya fi wani tsufa. Da ruwa ya sauka Ibrahim ya tafi. Yau wata huɗu ke nan. Malam yana zuwa duk da haka, ya zauna a inuwar katangar, ya tambayi masu shigowa da shanu daga yamma ko sun ji labarin wani tsoho mai malfa. Da la'asar ya dawo.

Ranar Laraba da ta wuce, da aka tashi daga zaman dogon yaro, na ji ya tsayar da Mama Tabita yana tambayarta ko akwatin nata ba ya shan ruwa, don daminar bana da ƙarfi ta zo. Ta ce masa a cikin leda ta sa, ya daina damun ta.